Lasifikar ranar godiya

'Yan'uwa cikin Almasihu, salama a gare ku. Kaka ta yi, daga Billiri da Kaltungo har cikin garin Gombe majami'u sun fara sa ranar godiya, shi ya sa nake so mu yi wata magana tun ranar ba ta zo ba.

Kun san yadda ake yi. Mai gabatarwa ya riƙe lasifika ya ce wane ya kawo buhu biyar na masara, a tafa masa. Ganga ta tashi, mata su rangaɗa guɗa, a raka shi kujerar gaba kusa da dattawa. Can baya kuwa ga wata iya 'yar Zumuntar Mata, ta ƙullo kwano ɗaya na wake a ƙyalle. Ta lallaɓa ta ajiye shi bayan buhunan, ta koma bencinta kai a sunkuye kamar wadda ta yi laifi. Wa ya koya mata wannan kunyar? Mu ne.

A Markus 12:41-44 Yesu ya zauna daura da ma'ajin Haikali yana kallon masu zuba baiko. Attajirai suka zuba da yawa, bai ce sun yi laifi ba. Amma saboda gwauruwa mai anini biyu ne ya kira almajiransa, ya ce ta fi su duka, don su daga yalwarsu suka bayar, ita kuwa iyakar abin hannunta ke nan. Yakubu ma bai rufa mana ba. A sura 2 ta wasiƙarsa ya ce in muka ba mai zoben zinariya wuri mai kyau, muka ce wa matalauci ya tsaya can, mun zama alƙalai masu mugun tunani.

Ban ce a daina rawa ba, ai Dawuda ma ya yi ta da dukan ƙarfinsa gaban akwatin alkawari. Ban kuma ce ma'aji ya daina rubutu ba, dole a san abin da ya shigo. Amma littafin ma'aji daban, lasifika daban. Matiyu 6:2 ya hana busa ƙaho, ya ce masu yin haka sun riga sun karɓi ladansu a bakin mutane.

Kai da Ubangiji ya buɗa maka bana, me zai hana ka kai buhunanka ɗakin ajiya tun ranar Asabar, ka shigo Lahadi ka zauna inda ka samu wuri? Baba fasto da dattawanmu, muna roƙo, ku duba maganar kiran sunayen nan a zamanku na gaba.