Ga ƙannena masu liƙa lamba 46 a tankin Boxer

Daren Lahadi muna zaune a teburin mai shayi nan Agege a Legas, wani yaro da bai fi wata takwas da zuwa daga gida ba ya miƙo mini waya yana zumuɗi: "Baba, dubi yadda mutumin nan ke kwantar da mashin a kwana!" Tseren MotoGP ne, babbar gasar babura ta duniya, gwiwar mahayin na shafar kwalta. Na waiga wajen mashin ɗin yaron, sai ga 46 ɓaro-ɓaro a tanki, madubai duka biyu an kwance, an huda salansa don ta yi ƙara. Shekara goma sha ɗaya na yi ina okada a garin nan kafin in koma sayar da kayan gyara, don haka ku yi haƙuri, sai na faɗa.

Lambar nan ta Valentino Rossi ce, ɗan Italiya, haifaffen 1979. Gadonta ya yi, domin mahaifinsa Graziano ma ɗan tsere ne kuma da ita ya yi tsere. Tun yana ƙarami yake hawan 'yan mitsi-mitsin babura a fili killatacce, uban na tsaye a kansa. Ya shiga gasar duniya a 1996 a ajin 125cc, ya ci kambu a 1997, ya hau ajin 250cc, sannan babban aji. Kambu tara ya tara kafin ya ajiye a 2021. Wato daƙiƙa talatin ɗin da ke burge ku a waya, aikin shekaru sama da talatin ne. Kai kuwa bara war haka kana koyon saka giya a bayan makarantar firamaren garinku.

Kuma waya ba ta nuna muku filin. Kowa hanya ɗaya ya nufa. Babu danfo, bas ɗin haya, da zai ci birki a gabanka don ya hango fasinja, babu tirela mai kwantena, babu mai tallan gala da zai gilma, babu rami. A bakin yawancin kwanoni an zuba tsakuwa mai faɗi don wanda ya faɗi ya zame ya tsaya, ga masu tuta, ga likitoci, ga jirgi mai saukar ungulu yana jira. Tayoyin nan har bargon lantarki ake lulluɓa musu su yi zafi kafin a fita, shi ya sa suke kama ƙasa. Rigar fata ce tun daga wuya har idon sawu, kuma tun 2018 dole a saka mata jakar iska da ke kumbura kafin mutum ya kai ƙasa. Kai fa? Silifa, wandon jins, hular kwano rataye a hannun mashin, taya ta yi sanƙo tun azumin bara.

Duk da wannan tanadi, ku tambayi Marc Márquez, ɗan Sifaniya mai lamba 93. Ya ci babban kambu a 2013 yana da shekara 20. A Yulin 2020 ya faɗi a filin Jerez na Sifaniya, ƙashin damtsensa na dama ya karye, sai da aka yi masa tiyata huɗu, bai sake ɗaga kambu ba sai 2025. Shi albashinsa na tafiya yana kwance. Kai in ka karye aka kai ka asibitin ƙashi na Igbobi, 'yan'uwa ne za su bi tasha-tasha da leda suna karo-karo, mai mashin kuma balans ɗinsa yake jira. Marco Simoncelli ma bai samu zuwa tiyatar ba. A filin Sepang na Malesiya ya rasu a 2011, yana da shekara 24. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Nicky Hayden, Ba'amurke zakaran 2006. Ya shekara da shekaru yana gudun da ya haura kilomita 300 a awa ya tsira, sai ga shi a 2017 mota ta buge shi a titin gari a Italiya, yana kan keke, ta yi ajalinsa.

Ban ce ɗan Afirka ba zai iya ba. Brad Binder na Afirka ta Kudu ya ci kambun ƙaramin aji na Moto3 a 2016, a 2023 ya taka kilomita 366.1 a awa a filin Mugello na Italiya. Amma ta makarantar tseren yara ya bi, ya ƙetara Turai tun yana matashi, ba a titin Abeokuta ya koya da fasinja a baya ba.

To fasinjan nan ma, ya ƙanina, wa ya nemi izininsa? Matar da ta ɗauko tumatir daga kasuwar Mile 12 kuɗin kai ta gida ta biya, amana ce a bayanka. Kuma kun san zaman da muke yi. Tun 1 ga Yunin 2022 aka hana okada a Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa, Lagos Island da Mainland, daga baya aka ƙara Mushin, Oshodi-Isolo, Shomolu da Kosofe. Mashin ɗin da aka kama, niƙe shi ake yi. Mutum ɗaya ya yi ganganci ya buge ɗan gari, ba za a ce wane ba, "aboki" za a ce, sai wanda bai ji ba bai gani ba ya kwana a ɓoye.

Yaron nan ya saurare ni yana juya cokali a kofi, ya ce shi dai wasa yake yi in titi ya yi sarari. Na ce gobe ya biyo shago da madubansa in ɗaura masa kyauta. Ya zo da hantsi, ɗaya kawai ya samu. Da na taka birkin baya, sai da ƙafata ta kusa taɓa ƙasa kafin ya kama.