Ƙanƙance hoto da CSS ba ya rage masa nauyi

'Yan uwa masu gina shafukan intanet, akwai ɗabi'ar da ya kamata mu daina. Mutum zai ɗora hoto mai faɗin fiksel 4000, ya rubuta max-width: 100% a CSS, wato umarnin da ke tsara kamannin shafi, ya ga ya zauna daidai a fuskar waya, shi ke nan a wurinsa aiki ya kammala. Ai girman da ido ke gani kawai CSS ya rage. Fayil ɗin yana nan da nauyinsa, sai wayar ta sauke shi kaf, da datar mai ita. Bayan haka, hoto mai 4000 sau 3000 fiksel miliyan 12 ne, kowane fiksel yana cin bayit 4 idan an buɗe shi, wato kusan megabayit 48 a ƙwaƙwalwar waya kan hoto guda. Jera irinsa goma, ƙaramar waya za ta fara sanƙarewa.

Don haka aka samar da srcset, wato jerin fayilolin hoto da ake rubutawa a cikin img, alamar hoto ta HTML. Ka fitar da hoton a girma daban-daban, misali 400, 800, 1200 da 1600, ka rubuta kowanne da faɗinsa kamar hoto-800.jpg 800w, burauza ta zaɓa. Lambar nan dole ta zama ainihin faɗin fayil ɗin, ba faɗin da kake so ya fito ba.

Inda aka fi yin sakaci kuwa shi ne sizes, wato inda kake gaya wa burauza faɗin da hoton zai ci a allo, kuma a ganina nan ne zuciyar aikin. Burauza tana fara neman hotuna tun tana karanta HTML, kafin ta gama tsara shafin, don haka ba ta san wurin da hoton zai ci ba sai ka gaya mata. In ka yi shiru, sai ta ɗauka 100vw ne, wato faɗin allo gaba ɗaya. A kwamfuta mai faɗin 1440, hoton da ke cikin jeri mai gida uku bai wuce fiksel 480 ba, amma za ta ɗauko na 1600. Rubuta sizes="(min-width: 900px) 33vw, 100vw", sai ta ɗauko na 800, ko na 1200 idan allon mai ninki 2 ne, wato mai fiksel biyu na zahiri a faɗin kowane fiksel ɗaya na CSS. Sharaɗin farko da ya dace shi take bi, saboda haka a kula da jerin. Kuma duk ranar da aka sauya tsarin shafi aka manta da sizes, an koma gidan jiya.

Waya mai faɗin 360 da ninki 3 tana neman fiksel 1080, kada ka ɗauka na 400 ya ishe ta, zai fito dishi-dishi.

Shi kuma picture, alamar HTML da ake sa img a cikinta tare da wasu zaɓuɓɓukan hoto, mutane na sa shi a inda bai da amfani. Aikinsa biyu ne: ko kana son yanka daban, a ce fuskar mutum kusa a waya da cikakken fili a babban allo, ko kana ba da nau'in fayil daban. A nan sai AVIF a sama, WebP ya biyo, sannan img mai JPEG a ƙasa, domin burauza na tsayawa a na farkon da ta iya buɗewa. Kada a cire img ɗin, babu shi ba abin da zai fito, kuma a kansa alt, wato rubutun bayanin hoto, yake zama.

A sa width da height a kowane img, tare da height: auto a CSS, don burauza ta ware masa wuri tun bai iso ba, in ba haka ba rubutu ya riƙa tsalle mai karatu na tsakiyar layi. Hotunan ƙasa a ba su loading="lazy" don kada a sauke su sai mai karatu ya kusa isa wurinsu, amma babban hoton sama kar a kuskura, jinkirta shi za a yi. Shi fetchpriority="high" ya dace da shi, tunda ma'aunin Google na son babban abin shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5.

Wajen gwaji, kada ka ja tagar burauza ka ce ka gani. Chrome kan ci gaba da amfani da babban hoton da ya riga ya adana ko ka matse tagar. Kashe ma'ajiyar wucin gadi a DevTools, wato kayan gwajin da ke cikin burauza, ka sake loda shafin a girman waya, sannan ka duba currentSrc na hoton, shi zai nuna maka fayil ɗin da aka sauke.