Ba kowane littafi ne ake karantawa da kunne ba

Da kamfanin Amazon ya fitar da na'urar karanta littattafai ta Kindle a watan Nuwamba na 2007, aka saye ta kakaf cikin 'yan sa'o'i, sai masu hasashe suka yi ta shelar cewa kwanan littafin takarda ya ƙare. Ga shi shekaru sun shuɗe, takarda tana nan daram. Binciken da cibiyar Pew ta yi a Amurka a farkon 2021 ya nuna cewa kashi 65 cikin ɗari na manya sun karanta littafin takarda a shekarar da ta gabata, kashi 30 sun karanta a na'ura, kashi 23 kuma sun saurari littafin murya. Waɗanda suka yi sallama da takarda gaba ɗaya kashi 9 ne kacal. Kusan kashi ɗaya cikin uku haɗawa suke yi, yau takarda, gobe waya.

Duk da haka, da zarar an tayar da zancen sai a rabu gida biyu. Masu takarda su ce wanda ya saurari littafi bai karanta ba, labari aka ba shi, ai gani ya kori ji. Masu saurare su ce ƙanshin takarda ba ilimi ba ne, littafin da ya shekara uku a kan kanta yana shan ƙura bai ƙara wa mai shi komai ba. Kowa da gaskiyarsa, amma a ganina duk sun tsallake tambayar da ya kamata a fara yi. Wane irin littafi ne, kuma me kake so ya bar maka bayan ka gama? Akwai littafin da ake bi sau ɗaya a wuce, akwai kuma wanda ba ya buɗe maka cikinsa sai kana tafiya kana waiwaye. Wannan waiwayen shi ne ma'aunin da nake auna hanyoyin nan uku da shi.

Mu fara wanke littafin murya daga zargin lalaci, domin zargin ba shi da tushe. Tun a 1878, shekara guda bayan ya ƙera na'urar ɗaukar murya, Thomas Edison ya lissafa littattafan da za su yi wa makafi magana a cikin amfanin da yake hango wa na'urar. A shekarun 1930 aka fara naɗar littattafai a faifai a Amurka da Birtaniya saboda marasa gani, cikinsu har da sojojin da suka rasa idanunsu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wanda zai dubi makahon da ya saurari ɗaruruwan littattafai ya ce masa bai taɓa karatu ba, sai ya sake tunani. Kimiyya ma ba ta goyi bayan zargin ba. A 2019 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ciki har da Fatma Deniz, sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane suna sauraren labarai, sannan suna karanta labaran nan dai a rubuce, suka ga wuraren da ke sarrafa ma'ana kusan iri ɗaya suke aiki. Mutum tara ne kawai aka gwada, don haka kada a ɗora wa binciken kayan da ya fi ƙarfinsa, amma ya yi daidai da abin da kowa ya sani: ɗan Adam ya daɗe yana ɗaukar labari da ilimi ta kunne kafin a ƙirƙiro alƙalami. Mai karantawa da ya iya aikinsa har ƙara wa labari armashi yake yi. Ya san inda zai ja numfashi, ya san jimlar da gatse ne a cikinta, wadda ido zai iya wucewa bai lura ba.

Sai dai labari aka gwada a can, kuma labari yana da ja. Ko hankalinka ya ɗan tafi, idan ya dawo zaren yana nan, ka san wane ne ke neman wa, ka san abin da ake tsoro. Littafin da ke gina hujja ba haka yake ba. Shafi na arba'in yana tsaye ne a kan wata jimla da ke shafi na talatin da biyu, idan ta kuɓuce maka, duk abin da ya biyo baya surutu ne mai daɗin ji. David Daniel da William Woody sun gwada wannan a 2010: suka ba wasu ɗalibai wata maƙalar kimiyya su karanta, wasu kuma aka ba su ita a murya. Da aka yi musu jarrabawa bayan kwana biyu, masu karantawa suka sami kashi 81, masu saurare kashi 59. Tazarar ba ƙarama ba ce.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa lura da kansa yana karatu. Ido ba ya tafiya a miƙe. Yana tsalle, yana tsayawa, kuma masu nazarin motsin ido sun daɗe da gano cewa wajen kashi 10 zuwa 15 na tsallen nan baya yake komawa, ba tare da mai karatun ya ma sani ba. Ka ci karo da "shi" a tsakiyar jimla, idonka ya koma layi biyu ya tabbatar da wa ake nufi, ya dawo, duk cikin ƙiftawa. Yanzu dubi mai saurare. Yana tuƙi, abin sauraro a kunne, wani ya shiga gabansa, ya taka birki, ya yi tsaki. Kafin ya dawo hayyacinsa mai karantawa ya wuce sakin layi guda. Akwai maɓallin da ke mayar da shi baya daƙiƙa talatin, to amma sai ya miƙa hannu, sai ya danna sau biyu ko uku, sai ya sake jin abin da ya riga ya ji kafin ya iso inda ya ɓata. Yawanci ba ya dannawa. Yakan ce zai gane a gaba. Murya kuwa ba ta jira, kuma daɗinta yana sa mutum ya ji kamar yana fahimta alhali kalmomin wucewa kawai suke yi. Ban da haka, wa ke zama ya naɗe hannu yana sauraren littafi? Kusan kowa yana haɗa shi da wani aiki ne, wanki ko tafiya ko motsa jiki. Wannan shi ne babban alherinsa, ya mayar da lokacin da da zai tafi a banza ya zama na littafi. Shi ne kuma rauninsa, domin rabin hankali yake samu.

Batun na'ura ya fi wannan sarƙaƙiya, tunda a nan ma ido ne ke aiki, haruffan ma su ne dai. Me zai bambanta su? A 2018 Pablo Delgado da Ladislao Salmerón na Jami'ar Valencia a Sifen, tare da abokan aikinsu, suka tattara bincike 54 da suka shafi mutum fiye da 170,000. Sakamakon: takarda ta ɗan fi na'ura wajen fahimta, musamman idan rubutun na bayani ne kuma lokaci ya ƙure wa mai karatu. A ƙagaggen labari kuwa bambancin bai fito ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne fifikon takardar bai ragu ba daga 2000 zuwa 2017, ƙaruwa ma ya yi. Da rashin sabo ne matsalar, da yaran da suka tashi da waya a hannu sun rufe giɓin. Ba su rufe ba. Wata fassara da masana ke bayarwa, wadda na gamsu da ita, ita ce gilashin waya ya koya mana wani irin karatu na shafa da wucewa, kuma idan muka buɗe littafi a kansa da wannan ɗabi'ar muke shiga.

Akwai kuma abin da hannu ke sani. Anne Mangen ta Jami'ar Stavanger a Norway ta ba mutum 50 wani gajeren labari mai shafi 28, rabi a takarda, rabi a Kindle. A yawancin tambayoyi sun yi kunnen doki. Inda masu takarda suka yi fice shi ne jera abubuwan da suka faru bi da bi, da tuna a wane ɓangare na labarin abu kaza ya auku. Duk mai karatu ya san wannan a jikinsa. Kana neman wata magana da ka karanta makon jiya, ba ka tuna lambar shafi ba, amma ka san tana ɓangaren hagu, can ƙasa, a lokacin da shafukan da ke hannun dama suka fara sirancewa. Ka sa yatsa a inda kake, ka fizgi shafuka baya, ka same ta. A na'ura kowane shafi kamarsa ɗaya da ɗan'uwansa, idan ka ƙara girman haruffa ma shafin jiya ba shi ne na yau ba. Ba mamaki gwamnatin Sweden, bayan shekaru tana cusa na'urori a azuzuwa, ta juya a 2023 ta ware kuɗi don mayar da littattafan takarda hannun yaran firamare.

Kada a ɗauka ina yi wa na'ura rowar yabo. Dattijon da idonsa ya yi rauni yana iya ƙara girman rubutu ya ci gaba da karatun da takarda ta hana shi. Mai neman kalma ɗaya a littafi mai shafi dubu zai same ta kafin mai takarda ya gama duba fihirisa. Project Gutenberg, wanda Michael Hart ya fara a 1971, yana ba da littattafai sama da 70,000 kyauta ga duk mai intanet, kuma ga wanda babu ɗakin karatu kusa da shi, wannan ba ƙaramar ƙofa ba ce. Ya kamata kuma a bambanta na'urar da aka yi don karatu kaɗai da wayar hannu. Ta farko ba ta kiranka. Ta biyu kuwa, kana tsakiyar babi saƙo zai faɗo daga sama, ka ce bari ka leƙa, sai bayan rabin sa'a ka tuna da littafi kake. Da yawa daga laifin da ake ɗora wa karatun na'ura, na maƙwabtan da littafin ke zaune da su a cikin wayar ne.

Wani abu da ke damuna game da yayin da ake ciki shi ne ƙidaya. Manhajoji suna ƙirga maka littattafan da ka gama a shekara, suna taya ka murna, mutane suna ɗora adadin a shafukansu. Tun da kamfanin manhajar sauraren waƙoƙi na Spotify ya fara ba masu biyan kuɗin wata sa'o'i 15 na littafin murya a 2023, littafi ya shiga layi ɗaya da waƙa, ana auna shi da sa'a. Sai ka ji mutum yana saurare da ninki biyu na saurin magana don ya cika adadi. Ga labarin nishaɗi, ruwansa, babu wanda ya cutu. Amma wanda ya bi littafin tarihi ko na falsafa da wannan gudun, ya ce ya gama, ka tambaye shi hujjar marubucin a babi na uku ka ji abin da zai ce.

Waiwaye bai tsaya a cikin zama ɗaya ba. Littafin kirki ana koma masa bayan shekara goma, a ga abin da aka ja wa layi a lokacin ƙuruciya, a ba ɗa ko aboki aro. A nan ne na fi ganin masu sayen littafin na'ura da na murya ba su san cinikin da suke yi ba. A watan Yulin 2009 Amazon ya shiga na'urorin mutane daga nesa ya goge kwafin littafin 1984 na George Orwell da suka biya kuɗinsa, saboda wanda ya ɗora shi a kasuwar ba shi da haƙƙin sayarwa. An mayar musu da kuɗinsu, shugaban kamfanin a lokacin, Jeff Bezos, ya ba da haƙuri, amma kowa ya ga abin da zai iya faruwa. A 2019 Microsoft ya rufe kantin littattafansa, littattafan da mutane suka saya suka daina buɗewa, aka biya su kuɗi aka sallame su. A watan Fabrairun 2025 Amazon ya cire damar sauke littafin Kindle zuwa kwamfuta a ajiye. Ɗakunan karatu ma ba su tsira ba: tun 2011 kamfanin ɗab'i na HarperCollins ya sa ƙa'idar cewa littafin na'ura da ɗakin karatu ya saya, idan an are shi sau 26, sai a sake biya. Littafin takarda kuwa sai ya yage don kansa.

Abin da kake samu idan ka danna maɓallin saye a yawancin waɗannan kantuna lasisi ne, izinin karantawa muddin kamfanin yana raye kuma bai canja shawara ba. Ba ka iya sayar da shi, ba ka iya bayar da shi kyauta yadda ka ga dama, magadanka ma ba lalle su same shi ba. Ga littafin da za ka bi sau ɗaya a cikin mota ka manta, wannan ciniki ne mai kyau, ni ma ba zan cika ɗaki da irinsu ba. Ga wanda kake sa ran komawa gare shi, ko kake so ya kai ga wani bayanka, haya kake yi da kuɗin saye. Jihar Kalifoniya ta yi doka, wadda ta fara aiki a farkon 2025, da ta hana kantunan intanet rubuta "saya" a kan kayan dijital sai sun bayyana wa mai biya a fili cewa lasisi ne yake karɓa. Sauran hukumomin kare masu saye a duniya ba su da dalilin jinkirta yin irinta, kuma ya kamata a ƙara da tilasta wa kamfanin da zai rufe kantinsa ya bar wa mutane kwafin da za su iya buɗewa a kowace na'ura, ba ya mayar musu da kuɗi ya tafi da littafin da rubuce-rubucen da suka yi a gefensa ba.