Kujerun Lucknow da Congress ta hana

Duk wanda ya tambayi yaushe Indiya ta rabu biyu, wato Indiya da Pakistan, za a ce masa Agustan 1947. Ni kuwa a ganina tsagar ta fara buɗewa shekara goma kafin nan, a zaɓen majalisun larduna na farkon 1937.

Turawan Ingila ne suka shirya zaɓen a ƙarƙashin dokar mulkin Indiya ta 1935, wadda ta bai wa larduna goma sha ɗaya damar gudanar da harkokinsu na cikin gida. Ba kowa ke da ƙuri'a ba, sai mai dukiya ko mai ilimi, kimanin mutum miliyan 30 a ƙasar da ke da ɗaruruwan miliyoyi. Sannan an ware wa Musulmi kujerunsu, su kaɗai ke zaɓen wanda zai hau su.

Cikin kujeru 1,585, jam'iyyar Congress ta Gandhi da Nehru ta kwashe sama da 700. Muslim League ta Muhammad Ali Jinnah kuwa ta sha ƙasa. Daga kujerun Musulmi kusan 480, ɗari da 'yan kai kawai ta samu. Abin mamaki, a lardunan da Musulmi suka fi yawa ne ta fi faɗuwa. A Sindh ba ta samu ko ɗaya ba. A Punjab biyu ta samu, cikinsu ma ɗaya, Raja Ghazanfar Ali Khan, bai daɗe ba ya koma jam'iyyar Unionist ta Sikandar Hayat Khan. A Bengal kuma Fazlul Huq, jagoran wata jam'iyya daban, shi ne ya zama firimiya. Wanda ya ga wannan sakamako a lokacin zai rantse cewa Jinnah ya gama yawo.

Sai dai akwai lissafin da Congress ba ta tsaya ta duba ba. Ita ma Musulmi ba su zaɓe ta ba. Kujerunsu 58 kacal ta tsaya takara, ta ci 26, mafi yawansu a lardin kan iyaka na arewa maso yamma, inda abokin tafiyarta Khan Abdul Ghaffar Khan ke da jama'a.

Inda al'amarin ya lalace shi ne lardin United Provinces, Uttar Pradesh ta yau, mai hedikwata a Lucknow. A can League ta ɗan taɓuka, ta ci kujeru ashirin da wani abu, kuma a lokacin yaƙin neman zaɓe jam'iyyun biyu ba su yi wa juna zafi ba. Jagoran League a lardin, Chaudhry Khaliquzzaman, tsohon ɗan Congress ne, ya san manyanta ciki da bai. Ya sa rai za a yi gwamnatin haɗaka. Da aka zauna da Maulana Abul Kalam Azad, ɗaya daga manyan Congress, sai sharaɗin da aka gindaya masa ya zama: 'yan majalisar League su daina zama ƙungiya daban, su narke cikin Congress, su bi umarninta. Wato ka zo mu ci tare, amma ka bar sunanka a bakin ƙofa. Khaliquzzaman ya ƙi, Govind Ballabh Pant na Congress ya kafa gwamnati ba da su ba.

Ba zan ce Congress ba ta da hujja ba. Tana da kujeru sama da 130 cikin 228, ba ta buƙatar kowa. Tana kuma son gyara dokar filaye don sauƙaƙa wa talakawa manoma, alhali manyan masu filaye sun yi kane-kane a cikin League. Nehru ya yi imani da gaske cewa talauci ne matsalar Indiya, ba addini ba, kuma ya ɗauka ƙarfi biyu ne kawai a ƙasar: Turawa da Congress. Amma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Abin da Musulmin lardin, waɗanda 'yan tsiraru ne, suka fahimta shi ne: ranar da Bature ya tafi, mai rinjaye ba zai raba mulki da kowa ba sai wanda ya miƙa wuya. Ko fahimtar daidai ce ko kuskure, ita ta zauna a zukata, kuma Congress ce ta ba ta wurin zama.

Jinnah bai yi wasa da damar ba. A Oktoban 1937, a taron League na Lucknow, ya jawo Sikandar Hayat Khan da Fazlul Huq suka mara masa baya a siyasar ƙasa, ya mayar da jam'iyyar ta talakawa bayan ta daɗe a hannun masu hannu da shuni. Da gwamnatocin Congress suka yi murabus a ƙarshen 1939, saboda wakilin Sarkin Ingila, Linlithgow, ya jefa Indiya cikin Yaƙin Duniya na Biyu ba tare da shawara da su ba, Jinnah ya sa aka yi bikin samun kuɓuta ranar 22 ga Disamba. A zaɓen larduna na 1946, jam'iyyar da ta tashi da kujera biyu a Punjab ta kwashe mafi yawan kujerun Musulmi a faɗin ƙasar.

A Maris na 1940, a Lahore, Fazlul Huq ya gabatar da ƙudurin neman ƙasa ta daban ga Musulmi. Wanda ya miƙe ya goya masa baya shi ne Khaliquzzaman, mutumin da shekara uku kafin nan kujerar minista kawai yake nema a Lucknow. Bayan rabuwa ya tattara ya koma Pakistan.