Sanyin Jos da hitar da ke ɓoye a ƙarƙashin Sharon

Duk shekara idan hunturu ya kankama, daga Disamba zuwa Janairu, ƙorafi ɗaya nake ji daga 'yan uwa direbobi a Jos: mota ta ƙi tashi da asuba. Hukuncin ma ɗaya ne, batir ne. A kai shi caji, ko a sayi sabo, ko a tara samarin unguwa su tura ta a gangare. Ni da nake zaune a Hamburg, inda ake loda wasu daga cikin motocin nan a jirgin ruwa zuwa Legas da Kwatano, abin da nake gani shi ne muna sayen motocin da aka ƙera don ƙasar ƙanƙara, ba mu damu mu san kayan da aka ɗora musu saboda sanyi ba, sai ranar da kayan suka tayar mana da hankali.

Injin dizal na zamani ba ya ɓarnar mai, don haka ba ya saurin ɗumi. A Jamus kana iya yin tafiya mai nisa a watan Janairu allurar zafi ba ta ko motsa ba. Shi ya sa masu ƙera motoci suke ƙara wata 'yar hita mai cin gashin kanta, galibi ta kamfanin Webasto ko Eberspächer. Tana da famfon mai nata, da fankarta, da ɗan sandar kunna wuta, har da 'yar salansarta. Tana jan dizal daga tanki, kusan rabin lita a awa, ta ƙona shi ta ɗumama ruwan injin. A Sharan da Galaxy masu dizal, irin waɗanda muke kira Sharon a tashar Bauchi Road, tana ƙarƙashin mota ta gefen hagu, kusa da tayar baya. Ba maɓallin da direba zai danna. Da injin ya tashi, idan sanyin waje ya yi ƙasa da digiri 5 zuwa 10, gwargwadon samfurin motar, ita ke kunna kanta.

To, motar da ta sauka Legas tana iya shekara da shekaru hitar nan ba ta farka ba. Jos kuwa tana bisa tudu mai tsayin mita 1,200, kuma akwai asubahin da sanyi ke sauka ƙasa da digiri 10. Ranar ce abin da ya daɗe yana barci, cike da ƙura da tsohon mai, zai ce bari ya yi aiki.

Haka ta faru da ƙanena. Ya kira ni murya na rawa: "Yaya, wallahi motar nan wuta za ta kama." Ya juyo mini kyamarar waya, ga farin hayaƙi na tuɗaɗowa daga ƙarƙashin ƙofar baya, ga warin ɗanyen dizal da ya ce ya cika layi, ga wani ƙas-ƙas-ƙas a jere da kuma huci kamar na risho. Maƙwabta har sun ɗebo ruwa a bokiti. Famfon ne yake ta zuba mai, sandar kunnawa ta mutu, man yana turiri bai kama ba. Bakaniken da aka kai wa, mutumin kirki ne kuma ya san injin, amma ya ce shi bai taɓa ganin salansa biyu a mota ɗaya ba, ya sa filaya ya datse wayoyin, ya bar bututun mai a rataye.

A nan nake da ja. Cire hitar ba laifi ba ne, Jos ba ta buƙatarta. Sanyinmu bai kai wanda ke sa dizal ya daskare ba, ba kamar Jamus ba, inda daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu gidajen mai ke sayar da dizal na musamman mai jure digiri 20 ƙasa da sifiri. Amma cirewa da datsewa ba ɗaya ba ne. Bututun man da aka bari ya bushe ya tsage yana zubar da mai, kuma a motar da aka haɗa shi da layin man injin, iska za ta riƙa shiga cikin dare, da safe ka yi ta kik a banza. Tiyoyin ruwan da ke ratsa hitar su ma suna ruɓewa su riƙa ɗiga, a zo ana zargin lagireto. Akwai kuma nau'in da ake kunnawa da agogo ko rimot tun mota na ajiye. Wannan idan na'urar sarrafa ta ta lalace, ko an bar mata lokacin da tsohon mai motar ya saita, sai ta kwana tana shan batir. A Jamus ƙa'idar da ake ba masu irinta ita ce, minti nawa ka ɗumama, ka yi tafiyar da ta kai haka, don batir ya maido abin da ya rasa. Wa ya faɗa wa mai jigila tsakanin Terminus da Bukuru wannan?

Ba wai ina yabon garejin Bature ba ne. A nan za a jona kwamfuta, a karanta laifin cikin minti kaɗan, sannan a ce a sauya hitar gaba ɗaya, kuɗin da zai sa ka zauna. Bakaniken unguwar Dilimi ta Jos da zai iya kwance famfo ya gyara da hannu ya fi su dabara nesa ba kusa ba. Abin da suka fi mu shi ne ba sa cire abu sai sun san aikinsa. Mu kuwa duk abin da ba a gane ba, sunansa "kayan sanyi ne, ba na ƙasarmu ba".

Da wannan hujjar ake zare tamosta, wato abin da ke daidaita zafin ruwan injin, daga kusan kowace 'yar Kwatano, a haɗa fanka kai tsaye. Ko a Kano ban yarda da wannan ba, balle a Jos. Injin da ba ya kai zafin aikinsa yana shan mai fiye da kima, yana tara baƙi, yana cin kansa a hankali, kuma mai shi ne zai tashi kafin sallar asuba yana taka totur wai yana ɗumama shi.

Wanda motarsa mai dizal ke gardama da safe a wannan hunturun, kafin ya zuba kuɗi a sabon batir, ya sa mai rewaya ya gwada hita-fulog ɗin injin, wato sandunan da ke ɗumama cikinsa kafin ya tashi, ɗaya bayan ɗaya, don sau da yawa su ne masu laifi. Ya auna ko akwai abin da ke jan wuta bayan an kashe mota an kulle. Sannan a shiga ƙarƙashi da tocila a nemi ƙaramar salansar. Idan tana nan kuma ba a so, a zare fiyus ko fulogin wutarta, a toshe layin mai tun daga tushe, a haɗa tiyoyin ruwa biyun da bututu mai kyau da kilif, a fitar da iska daga ruwan injin kafin a hau titi.