Ƙannena masu son shiga harkar modelin, ku ɗan saurare ni

Tun da Shatu Garko ta ci gasar Miss Nigeria a ƙarshen 2021 da hijabinta, yaranmu da yawa suka fara ganin ashe harkar nan ta modelin, wato saka kaya don a tallata su, ba ta 'yan Legas kaɗai ba ce. Ban ga laifin mai sha'awa ba, amma wallahi abin da ke faruwa a Instagram da TikTok yana tayar min da hankali, don 'yan damfara sun riga sun gano abin da ranku ke so.

Ƙanwata, ejansi ta gaskiya, wato kamfanin da ke samo wa masu modelin aiki, ba ta karɓar ko sisi don ta ɗauke ki. Da kamisho take ci, wato sai ta samo miki aiki an biya sannan ta cire kasonta, yawanci wajen kashi 20 cikin 100, in ba ki samu ba ita ma ba ta samu ba. To duk wanda ya biyo ki ta saƙo yana cewa kin yi kyau ki turo kuɗin fom, kuɗin rajista, kuma dole mai hotonsu ne zai ɗauke ki a kan kuɗi kaza, wannan aljihunki yake so. Hotunan farko da ake nema ma da waya ake ɗauka, a hasken rana, ba kwalliya ba filta, so suke su ga fuskarki yadda Allah ya yi ta. Makarantar modelin kuwa za ta iya koya miki tafiya da tsayuwa gaban kyamara, amma satifiket ɗinta ba ya sa a ɗauki mutum, kar ki sayar da ɗan kunnenki saboda shi.

Masu hawa dandamali irin na Lagos Fashion Week, bikin nuna kayan sawa na Legas da aka fara a 2011, tsawo ake dubawa, mace wajen santimita 175, namiji sama da 180. In ba ku kai ba, aikin da ke kusa da mu a Kano da Kaduna da Abuja ai tallan abaya ne da atamfa da shadda da turare da lalle, ba ruwansa da tsawo. Sai dai ku tambaya nawa za a biya, ina za a sa hoton, har zuwa yaushe, kuma a rubuta. Kai ma ƙanena, kar a sa ka ka wuni kana canza kaftani a sallame ka da “za ka yi suna”.

Ku duba Halima Aden, 'yar asalin Somaliya da aka haifa a sansanin gudun hijira na Kakuma a Kenya. Ta shiga babbar ejansin modelin ta IMG Models a 2017, hijabinta yana cikin sharuɗɗan kwantiragi, har wurin canza kaya na daban ake ware mata, amma duk da haka a 2020 ta ajiye aikin, ta ce a hankali aka yi ta rage mata hijabin har ta kai an ɗora mata wandon jins a ka. Wannan fa mai suna ce kuma da takarda a hannu, ina ga ke da za ki je ke kaɗai ba abin da aka rubuta? Tun kafin ki sa hannu ki faɗi abin da ba za ki saka ba da wanda ba zai taɓa ki ba, ki ba wani babba a gida ya karanta takardar.

Kar ki je ɗaukar hoto a ɗakin otal, kar ki je ko'ina ba da yayanki ko antinki ba, kuma kar ki ɓoye wa Mama. Wanda ya nemi hoton tsiraici wai don a ga jikinki, ki toshe shi nan take. Wanda kuma ya ce zai fitar da ke waje aiki, shi zai yi biza shi zai riƙe fasfo, ki adana saƙonninsa da lambarsa ki kai wa NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, haka masu safarar mutane suke farawa.