Dala da yuro: lissafin gini tsakanin Liyon da Tawa

Shekara ta uku ke nan ina aika kuɗin gini Tawa, kuma har kwanan baya in ka tambaye ni nawa ya rage a kai ga rufi, sai dai in yi ta kame-kame. Abin kunyar kuwa, da wannan aikin nake cin abinci a nan Liyon ta Faransa. Kamfanin gine-ginen da nake wa aiki ya ɗora ni kan kasafin kuɗin ayyukansa, ina wuni gaban kwamfuta ina bin sawun kuɗin mutane, nawa suna can ba mai bi.

A manhajojin tsara aiki irin su Microsoft Project ko Odoo, ba da kuɗi ake somawa ba. Aikin ake yanyankawa tukuna: haƙa tushe, zuba kankare, jera bulo, rufi, yaɓe, wuta da ruwa. Kowane yanki a rubuta masa kayansa, da ladan ma'aikata, da kwanakin da zai ci. In an haɗa jimla sai a kulle ta, ta zama ma'auni, ba mai sake taɓa ta ko da farashi ya tashi gobe. Daga nan abu uku ake dubawa duk mako: abin da aka tsara kashewa, abin da aka kashe, da ƙimar aikin da ya tsaya a ƙasa. Na ukun nan shi ne zuciyar lamarin. A ce an ware wa tushe sefa 1,000,000, an kashe 600,000, aikin kuwa rabi aka yi. Wanda ke kallon aljihu kawai zai ce da sauran 400,000, lafiya lau. Manhaja kuwa za ta ce aikin 500,000 ka saya da 600,000, kuma in aka ci gaba a haka tushen nan sai ya ci 1,200,000. Akwai ma gurbi na huɗu, na kayan da aka ɗauko ba a biya ba, wato bashin mai shago, wanda a gida ba a jin labarinsa sai ranar da ya aiko yaro.

A Tawa lamba ɗaya muka sani, abin da aka aika. In tura, Yaya ya ce sun shigo, Allah ya yi albarka. Bayan mako uku ya kira, a gaisa, a tambayi sanyi, can ƙarshe ya ce, “To, ƙanena, kuɗin nan fa sun ƙare.”

Da na ce bari in gwada ilimina a kan gidana, lissafin kansa ne ya fara kayar da ni. Magini ya aiko saƙon murya ta WhatsApp, ya ce ruwan jiƙa bulo ɗari da hamsin ne kullum. Na rubuta 150. Sai da wata ya ƙare na ga giɓi, na tuna a kasuwarmu da dala ake ƙirga, dala kuwa sefa biyar ce, ɗari da hamsin ɗin magini 750 ke nan. Ni da na tashi ina sayen ƙosai da dala! Canjin yuro dai bai taɓa ba ni wahala ba, tun 1999 yana nan a sefa 655.957, saɓanin abokaina masu gini a Kano da ke kwana da fargabar naira. Farashin kaya ne ke motsi. Bayan Yulin 2023, da aka rufe iyakar Nijar da Benin, kayan da ke bi ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano suka daina zuwa yadda aka saba, ƙarfen gini da kwano suka yi tsada. Siminti ko da na Malbaza ne, a cikin jiharmu, sai ka biya mota. A ofis akan ware wani kaso tun farko don irin wannan. Mu a gida, in sha Allahu zai isa, shi ne kasonmu.

Amma akwai abin da manhajar ba ta sani ba, kuma nan ne na saɓa da 'yan'uwana mazauna waje masu yawan kukan an cinye musu kuɗi. Ana cinyewa, ban musa ba. Sai dai sau da yawa kasafin ne ya zo da ƙarya tun daga tushe. Kuɗin gini da kuɗin gida aljihu ɗaya suke kwana. Da damina ta yi tsakiya rumbu ya yi ƙasa, Yaya ya sayi buhun hatsi da kuɗin yashi. Da Inna ta kwanta asibiti, tan guda na siminti, buhu ashirin cur, ya koma magani. A Liyon wanda ya yi haka ya bar aiki ran nan. A Tawa da bai yi ba, ni ne zan fara kiran sa marar imani. Sannan duk wanda ke tsaye kan aiki a ofishinmu, sa'o'insa suna cikin kasafi. Yaya kuwa ya bar shagonsa, ya ƙona man babur safe da yamma, ban taɓa rubuta masa ko dala ba, don na ɗauka zumunci ba ya cin mai.

Sau ɗaya na yi kuskuren neman rasit. Ya yi shiru har na zaci layi ya yanke, sannan ya ce, “Yanzu ni za ka tambaya takarda?” Mako biyu bai ɗaga wayata ba, sai da Inna ta sa baki.

Tun daga nan na bar tambayar mutum, na koma tambayar bango. Kuɗi ba sa tafiya dunƙule, kowane yanki da nasa, in ya kammala a tura na gaba. Ɗan Yaya da ke karatu a jami'ar Tawa shi ke cika mini jadawali a Google Sheets ta wayarsa duk Juma'a, da sefa ba da dala ba, ya haɗa da hoto in ƙirga layin bulo da kaina. Babbar manhaja ba ta da amfani a nan, ba mai zaman ciyar da ita, intanet ɗin ma sai ta ga dama. Na ƙara layi biyu da babu su a kasafin ofis, hidimar gida da man babur, kuma na gaya wa Yaya da bakina cewa nasa ne, ba sai ya faɗa mini inda suka tafi ba.

Juma'ar da ta wuce hoton ya nuna bango ya kai kan taga. A layin hidimar gida yaron ya rubuta goro da dabino na sunan maƙwabta, jikka uku. Yaya ya biyo da saƙon murya, ya ce magini na son kuɗin katako kafin Talata, kuma wai in daina ƙirga bulo a hoto, akwai layi biyu da inuwar bedi ta rufe.